Makewayi da Wurin Wanka a Sabon Gida

A wannan wata za mu yi magana da waɗanda suke gina gidansu da hannunsu a ƙauye. Mun lura yawancinmu mukan gama zaure da ɗakuna da rumbu, sa'an nan in kuɗi ya ƙare sai a kafa zana a kusurwa a ce an yi makewayi. Damina ɗaya takan tona asirin irin wannan aiki.

Shawararmu ita ce a raba wurin wanka da salga, ko da bango ɗaya ne a tsakaninsu. In ruwan wanka yana zuba cikin ramin salga, ramin yakan cika da wuri, ƙasar gefensa ta jiƙe, wata rana daɓen ya rufta, ba kuwa wanda ya san wa zai tarar a kai.

A haƙa salga nesa da rijiya kamar mita 30, ta wajen gangare. Zurfin mita 3 ya isa, amma kada gindin ramin ya kusanci ruwan ƙasa. Inda ƙasa take da rairayi, sai a ɗaure bakin ramin da bulo da siminti.

To, wari da ƙudaje fa? Akwai dabarar da Peter Morgan ya fito da ita a shekarun 1970 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe. Ana kafa bututu mai faɗin inci 4 daga ramin, ya zarce rufin da rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iskar da take wucewa ta sama tana jan warin waje. Cikin ɗakin kuwa a bar shi da ɗan duhu, gama ƙuda haske yake bi. Zai hau bututun, raga ta tare shi, ya mutu a can. Irin wannan salga ba a yi mata murfi, domin ta bakin ramin iska take shiga. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, sabili da sun saba rufewa da faifai.

Daɓen wurin wanka ya zama na siminti, kwano 1 na siminti da 3 na yashi, ya ɗan gangara zuwa rariya. Kada magini ya goge shi sumul don ƙawa, santsi ke nan. A shafe bangon da siminti har ƙugu. Rariyar ta kai ruwan cikin ramin da aka cika da duwatsu da tsakuwa, nesa da gindin katanga, don kada ya kwanta sauro ya sami wurin ƙwai. Uwargida tana iya dasa ayaba kusa da wurin.

Kayan ciki ba su da yawa: bokiti, moɗa, buta, 'yar kanta ta ajiye sabulu da soso, dutsen goge kaushi, da ƙusa biyu na rataye zane. Amma kada a manta da tsofaffi da mata masu juna biyu. A ajiye musu kujera 'yar tsugunno, a kafa sanda mai ƙarfi a jikin bango ta riƙewa. Sakata ta kasance inda hannun yaro zai kai. A bakin ƙofa a rataya galan na ruwa da sabulu ko toka domin wanke hannu.

Maigida ya riƙa duba ragar nan kafin damina da bayanta, ya kwarara bokitin ruwa ta bakin bututun domin ya wanke yanar gizo.