Dandalin Ɗalibai: Wa zai fito a muguwar kishiya?

Duk lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu a nan Shinkafi ta zo rabon matsayi, rigima ɗaya ce: kowace yarinya amarya take so ta zama, ba mai son fitowa a muguwar kishiya. Wai kada sunan ya bi ta har gida.

Tsoron nan yana da tushe. Ku dubi Zalika Souley, 'yar maƙwabciyarmu Nijar, wadda aka haifa a Yamai a 1947. Tana 'yar shekara 19 ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane na 1966, lokacin da mace a majigi abin gori ce. Daga baya ta fito a kishiya mai zafin kishi a "Le Wazzou polygame" na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Ta iya wasan har mutane suka kasa raba ta da halin da take kwaikwaya, aka riƙa zaginta a gari. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, sai da ta yi aikatau a Amurka. Ta rasu a 2021.

Mu da muka tashi muna kallon marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, mun san in babu masifaffiyar nan, fim lami ne. Amaryar ma wa ke tuna ta?

Ranar Laraba za a sake rabon. Matsayin kishiyar har yanzu ba mai shi.