Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi



Kurdawa al'umma ce mai harshenta da tarihinta, amma iyakoki sun raba ta tsakanin Turkiyya da Iran da Iraki da Siriya. Wani ɗansu mai shirya silima, Bahman Gobadi, haifaffen Iran, wanda shi kansa ya bar ƙasar a 2009, ya yi wata dabara a 2015. Ya sa aka miƙa na'urar ɗaukar hoto ga yara 8 daga cikin waɗanda yaƙi ya kora a Kobani da Shingal, suka ɗauki zamansu na sansani da hannunsu.  Duniya ta ji labarin daga bakin masu shi.

Mu ma a Damagaram mun san yaƙi, mun san rabuwa da gida. A 1899 aka gwabza a Tirmini, Nasara suka shigo Birni. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin yana ƙulla musu tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa. Mahamman Bakabe ya yi silima a kan wannan lamari a 1982, sai dai ƴan wasa ne suka tsaya a madadin mutanen. Ta'asar Bule da Shanuwan kuwa, a 2020 wasu daga Ingila suka fito da silimar da jikokin waɗanda aka kashe a Birnin Ƙwanni suka yi magana a cikinta. Mun gode musu, amma abin da kunya.

A watan Fabrairu na 2015, da Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, mun ga motoci na shigowa garin nan shaƙe da mata da yara da tabarmi. Waɗanda suka sauke su a gidajensu suna nan da rai. Wa ya zauna da su ya ɗauki maganarsu? Idan aka yi sake, jikokinmu za su jira baƙo ya zo ya tambaye su abin da ba su gani ba.

Ba gwaninta muka rasa ba. Ƴar garin nan, A'isha Maki, ta shiga Kara-Kara da na'urarta, ta fito a 2021 da silimar da ta kai sunan Damagaram ƙasashen duniya. Abin da ya rage shi ne mai ɗaukar nauyi.

Saboda haka, alhazan Kasuwar Dole, ku da kuke gina masallatai da rijiyoyi, ku sani adana shaidar bayin Allah ma alheri ne. Ku kuma ma'aikata, ku buɗe wa matasa takardun tarihi da ke ofisoshinku kafin gara ta riga su. Gani ya kori ji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.