Ciniki daga nesa: a riƙe waya, a riƙe littafi



A shekarar 2020, lokacin annobar korona, kusan kullum in na zauna karanta labaran duniya a gidan rediyon da nake aiki, sai na ci karo da labarin ma'aikatan Turai da Amurka da aka ce su zauna gida su yi aiki ta kwamfuta, suna taro ta Zoom, suna ta yaba abin kamar sabon wata. Nakan karanta ina murmushi, domin mu mutanen bakin Komadugu mun riga su shiga wannan makaranta da shekara biyar, kuma mu wuya ce ta sa mu.

Kowa ya tuna ranar 6 ga Fabrairu 2015 da aka kai hari Bosso da Diffa. Bayan nan aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana fataucin tattasai da kifi, aka rufe wasu kasuwannin ƙauye. A watan Mayu 2016 aka afka wa garinmu Yebi, ranar 3 ga Yuni kuma aka sake afka wa Bosso, mutane wajen 50,000 suka fito da abin da kai zai iya ɗauka suka nufi Toumour da bakin babbar hanya. Sai a 2017 aka ɗage hanin tattasai, na kifi kuwa sai 2019. Ba mu gama numfasawa ba Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A duk tsawon waɗannan shekaru bakin yara bai daina neman tuwo ba, don haka ciniki bai tsaya ba, sai dai ya koma cikin waya.

Ina da kawu wanda da can ba a raba shi da hanyar Damasak da Maiduguri. Yau yana zaune a rumfa ɗaya cikin garin Diffa, manomansa suna bakin kogi, mai sayen kayansa yana Kano, direban da ke ɗauka ɗan Damagaram ne, kuma sai a yi wata shida bai haɗa ido da ko ɗaya daga cikinsu ba. In wannan ba aiki daga nesa ba ne, to mene ne sunansa?

A nawa ganin, waya ta rage mana nisa da kuɗin mota, ta kuma tsare mu daga hatsarin hanya, amma yawancinmu rabin aikinta muka koya. Mun iya aika magana, mun iya aika kuɗi, ajiye shaida ne ba mu iya ba, kuma ta wannan ƙofa jarin mutane yake zubewa.

Mu fara da WhatsApp, tunda shi ne rumfar kowa a yanzu. Babban alherinsa a wurinmu shi ne saƙon murya. Ba ya tambayar ko ka yi lakwal, ba ya zaɓen harshe: da Barebarci, da Hausa, da Fillanci, da Tubanci, duk yana ɗauka. Kuma ko rezo ya yi rauni, saƙon yakan jira har ya samu hanya ya wuce, ba kamar kira ba da ke yankewa ana tsakiyar ciniki. Sai hoto da bidiyo. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma fa hoton bakin buhu ba ya faɗin abin da ke gindinsa. Mai sayen tattasai daga nesa ya sa a zazzage buhu ɗaya da shi ya zaɓa, a kan tabarma, da hasken rana, ana ɗaukar bidiyo ba a yanke ba, a murƙushe ɗan kaɗan a hannu ya ji ƙarar bushewarsa. Mai sayen banda ta sa a karya kifi biyu ko uku ta ga cikinsu. Minti ɗaya ne, amma yana hana rigimar wata guda.

Akwai kuma WhatsApp Business da aka fito da shi a 2018, kyauta ne, kuma an yi shi ne don masu sana'a. A ciki mutum na iya jera hotunan kayansa da farashinsu, ya kuma sa wa abokan hulɗarsa alama mai launi: wannan ya biya, wannan ana binsa bashi, wannan kayansa na hanya. Ko wanda bai iya karatu ba ya san ja da kore.

Na biyu shi ne sanin farashi. Da can dillali kaɗai ya san yadda tattasai ya kwana a kasuwar Dawanau ta Kano, ko yadda banda ta tashi a Tashar Baga ta Maiduguri, manomi kuwa sai abin da aka faɗa masa. Yau kiran mutum biyu ya isa. Hukumar SIMA tana tattara farashin kayan gona na kasuwannin Nijar tana fitarwa, RECA kuma, wato uwar majalisun manoma ta ƙasa, tana da cibiyar kira tun 2017 da rukunonin WhatsApp inda ake amsa tambayoyin manoma da harsunan gida, har mutum ya aika hoton ganyen da ciwo ya kama a ba shi shawara. Shawarata ita ce kada a yanke farashi da bakin mutum ɗaya, musamman in shi ne zai saya.

Na uku aika kuɗi. Nita, Amana, Al Izza da ire-irensu suna da rassa a garuruwanmu, wasunsu har da manhajar waya, ga Airtel Money da Moov Money, a ɗaya gefen kogi kuma ga OPay da Moniepoint. Wanda ya taɓa ɗinke kuɗi a cikin wando ya hau motar dare, yana salati a kowane shinge, ba sai an yi masa dogon bayani ba. To amma mu nan kuɗi biyu muke taɓawa, naira da sefa. Mun ga abin da ya faru a farkon 2023 da Najeriya ta sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi ya yi wuyar gani, sannan daga watan Yunin shekarar darajar naira ta yi ta faɗuwa. Mutum ya ba da kaya bashi da naira, kafin a biya shi ribar ta narke a teburin ɗan canji. Saboda haka duk cinikin da za a ƙulla ta waya, a faɗi abu huɗu a fili: buhu nawa, a kan nawa, da wane kuɗi, kuma wace rana za a biya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kwanakin baya, a shirinmu na masu sauraro, wata hajiya mai sayar da tattasai ta kira tana magana muryarta na rawa. Wani da suka taɓa ciniki sau biyu lafiya lau ya ce ta ɗora masa buhu goma sha biyu, ya turo mata hoton takardar biya, ta ba direba izini ya tashi. Da yamma ta aiki ɗanta ya karɓo kuɗi, aka ce babu abin da ya shigo. Hoton na jabu ne, an gyara tsohuwar takarda aka sauya rana. Ta koma neman saƙon muryar da mutumin ya yi mata alkawari a ciki, ta tarar ya goge shi. Na tambaye ta, “Hajiya, wa ya shaida cinikin?” Ta ce, “Ɗana, waya ce shaidata.” Na rasa abin da zan ce mata sai Allah ya mayar da alheri.

Iyayena mata, ku ji wannan da kyau. Hoton takardar biya ba kuɗi ba ne. Kada kaya su bar hannunki sai kin duba asusunki da kanki kin ga sun shiga, ko an ƙirga miki su a hannu. Kuma ki sani WhatsApp ya ba wanda ya aiko saƙo damar goge shi daga wayarki har kusan kwana biyu bayan ya aiko. Maganin wannan ba wuya: duk saƙon da ya ƙunshi farashi ko alkawari, ki tura shi nan take ga wani amintaccenki, domin wanda aka tura gaba mai shi ba ya iya goge shi. Abin da ya fi ma, a buɗe ɗan rukuni na mutum uku, mai saye da mai sayarwa da shaida ɗaya, a ƙulla cinikin a can. Ai haka iyayenmu suke yi a rumfar fatoma, ba a tafa hannu sai da na uku a zaune.

Sai littafi. Littafin ƴan makaranta na dala ashirin ko talatin ya wadatar. Kowace yamma a rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo da wanda ake bi, da boko ko da ajami, sannan a ɗauki hoton shafin da waya. Mu da muka ga gudun hijira, muka kuma ga yadda Komadugu ya cika ya shiga gidaje a 2019 da 2022, mun san takarda tana jiƙewa, waya tana faɗawa ruwa. In littafi ya tafi hoto yana nan, in waya ta tafi littafi yana nan. Wanda ke da adireshin Gmail ya sa a kunna masa ajiyar saƙonni a Google Drive, ko ya sayi sabuwar waya zai dawo da su. Uwar adashi ma haka: ranar zubi ta ɗauki hoton shafi ta tura wa dukan ƴan adashin, kowa ta ga sunanta.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, domin kawuna ya faɗa mini a gabana: ciniki amana ne, in ka ce wa ɗan uwanka a rubuta kamar ka ce masa ɓarawo ne. Ina girmama wannan magana, kuma gaskiya ne cewa da amana aka yi fataucin ƙasar nan tun kafin a haife mu. To amma amanar da can tana da masu gadi: kun san gidan juna, kuna sallah a masallaci ɗaya, in ya cuce ka akwai bulama da liman. Yau garuruwan sun watse, wanda kake ciniki da shi lamba ce kawai da hoton fuska, in ya cire layi ya jefar shi ke nan. Kuma malamanmu sun sha faɗa mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Rubutu kuma yana tsare zumunci, domin mantuwa ta raba ƴan uwa da yawa waɗanda babu maci amana a cikinsu.

Wasu kuma za su ce ba su iya latsa waya ba, yara ke yi musu. Nan ma akwai gyara. Hajiya, layin da kuɗinki ke shiga ya kasance da sunanki aka yi rajistarsa, da katinki, domin ranar da ya ɓata mai sunan kaɗai za a mayar wa. Lambar sirri guda huɗu ba ta fi ƙarfin matar da ke riƙe da lissafin bashin mutum talatin a ka ba. Yaro ya nuna miki sau uku, na huɗu ki karɓa ki yi da kanki, sannan ki sauya lambar. In wani ya kira ya ce daga kamfani yake, ko ya ce ya yi kuskuren turo miki wasu lambobi shida ki karanto masa, ki kashe wayar. Lambobin nan su ne makullin WhatsApp ɗinki, in ya samu zai shiga da sunanki ya roƙi kuɗi wurin duk abokan cinikinki. A sa wa WhatsApp lambar tsaro ta biyu, ba a biyan ko dala.

Ban manta da masu cewa kiredi yana cin kuɗi, rezo babu a wasu ƙauyuka, wuta kuma sai an kai caji ba. Gaskiya ne, kuma muna kira ga kamfanonin waya da hukumomi su dubi ƙauyukan bakin kogi, domin can arzikin jihar yake fitowa. Amma kafin su ji kiran, mu yi namu. Yawancin kuɗin intanet ba ciniki ke cinye shi ba, bidiyon barkwanci ne da ke sauka da kansa daga rukunoni goma. A kashe saukar kai tsaye, a fita daga rukunin da ba ya kawo ko sisi, a ware lokaci da safe da yamma don amsa saƙonni, maimakon mai saye yana tsaye a gabanka kai kana kallon waya.

A ƙarshe ina kira ga shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata na Diffa, Maine Soroa, Gueskerou da N'Guigmi. Ku samo matasa biyu ko uku masu amana, ku ware sa'a ɗaya a mako a wata rumfa, a koya wa mutane abu uku: duba asusu, tura saƙon shaida, da ɗaukar hoton littafi. Mu ma a rediyo a shirye muke mu ba da fili. Hajiyar da ta kira ni ta gaya mini buhu goma sha biyun nan rabinsu na wata maƙwabciyarta ne, kuma har yau tana biya kaɗan-kaɗan daga cinikin tiya. Kada mu bari wata ta sake shiga irin wannan hali alhali maganin yana cikin aljihunmu.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya dawo da zaman lafiya bakin Komadugu, ya mayar da kowa garinsa. Amin.