KUNNE YA GIRMI KAKA: Carar Zakara a Cikin Faifan Rok

Zancenmu na makon nan a kan wani abu ne ƙarami ƙwarai, wanda mutum zai iya jin faifai sau ɗari bai lura da shi ba, amma ranar da ya lura, to, ba zai ƙara jin waƙar ba sai kunnensa ya nemi wurin. Ina nufin 'yan ƙananan sautukan nan da kan shiga cikin faifai ba tare da an rubuta su cikin waƙa ba, kamar tarin makaɗi, ko kukan ƙarfen da ya rasa mai, ko zakaran maƙwabta da ya yi cara a lokacin da ba a gayyace shi ba.

Masu sha'awar kiɗan nan na Turawa da ake kira rok, musamman mai zafinsa wanda ake yi da jita mai lantarki da manyan ganguna, sun mai da neman irin waɗannan sautuka wata sana'a. Kowa yana da nasa da yake so, kuma sukan yi gardama a kansu kamar yadda 'yan dambe ke gardama a kan wane ne ya kā da wane. Mai karatu zai ce ina ruwan Bahaushe da wannan? Ruwansa kuwa da yawa, domin ɗaya daga cikin mashahuran masu wannan kiɗa a duniya yau maƙwabcinmu ne, kuma a ƙasarmu ya ɗauki faifansa na fari.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar. Ba'abzine ne daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ya kuma yi suna a Agadas wajen kiɗan bukukuwa. Da yake iyayensa ba su yarda da kiɗa ba, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Bahago ne, kuma da yatsunsa yake kaɗa tsirkiya, ba ya riƙe ɗan roban nan da sauran masu jita ke amfani da shi. A shekarar 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki waƙoƙin da aka tara cikin faifan Anar. Duk wanda ya saba da waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci zai gane hannun ɗakunan ɗaukar sautinmu a ciki, domin gangar ta inji ce, muryar kuma an bi da ita ta na'urar nan ta Auto-Tune mai sa murya ta yi santsi tana rawa. Waƙoƙin suka bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta cikin wani faifai da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma tashi neman mai muryar.

To, abin lura shi ne hanyar da Mdou ya bi daga nan. Ya bar gangar inji ya koma ga makaɗa masu rai. A faifan Afrique Victime, wanda kamfanin Matador na Amurka ya fitar a 2021, Ahmoudou Madassane ne ke riƙe da jita ta biyu, Souleymane Ibrahim ke kan ganguna, Mikey Coltun kuwa ke kan jita mai kaurin murya, shi ne kuma ya harhaɗa faifan. Ba a ɗaki ɗaya aka yi aikin ba. An ɗauki wani a ɗakin ɗaukar sauti, wani a masaukin baƙi, wani a bayan dandali lokacin da suke yawon kiɗa, wani kuma a fili a can Nijar.

Waƙar farko a faifan, mai suna Chismiten, ba da jita ta fara ba. Mai sauraro zai fara jin kukan ƙwari irin na asuba, da takun sawu a ƙasa, da carar zakara, sa'an nan jita ta faɗo kamar an ɓalle ƙofar dam. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, amma masu son faifan suna yawan ambatonsu, kuma ina ganin dalilin a fili yake. Kafin a kaɗa tsirkiya ko ɗaya an riga an gaya wa mai sauraro inda yake tsaye. Baturen da ke birnin Landan zai ji baƙon wuri. Mu kuwa za mu ji ƙofar gidanmu ne bayan sallar asuba.

Akwai kuma abin da ke faruwa cikin waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta, wadda ta haura minti 7. Kiɗan yakan fara a natse, sannu a hankali ya riƙa ƙara sauri, har ya kai inda makaɗin ganga da mai jita ke tsere kamar dawakin sallah. Inji ba ya yin haka, domin inji abin da aka saita masa yake bi daga farko har ƙarshe. Wannan ƙarin sauri hali ne na makaɗan biki, waɗanda ke kallon ƙafafun masu rawa suna ƙara wuta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kalangu ya san shi. Sai kuma waƙoƙin da aka yi da jita marar lantarki, inda za ka ji gogar yatsa a jikin tsirkiya yayin da hannu ke sauya wuri, sautin da mai son tsabta zai so ya goge, mai son kiɗa kuwa ya ce a bar masa abinsa.

Wannan ɗabi'a ta barin abin da ya shigo tsohuwa ce a kiɗan rok. Ƙungiyar Led Zeppelin ta ƙasar Ingila, wadda ta watse a 1980 bayan rasuwar makaɗin gangarta John Bonham, ita ce uwa a wannan fage. A waƙarsu Since I've Been Loving You ta 1970, abin da Bonham ke takawa da ƙafa don bugun babbar ganga ya bushe, sai yake 'yar ƙara a kowane taku. Mai jitar ƙungiyar, Jimmy Page, ya taɓa cewa da suka zo sake fitar da waƙoƙinsu wannan ƙara ta dame shi, har yana ji kamar ƙaruwa take yi duk lokacin da ya saurara. Masoyansu kuwa ita suke jira. A waƙar Black Country Woman, wadda suka ɗauka a cikin lambu aka fitar a 1975, jirgin sama ya wuce ta kansu daidai lokacin da za su fara, mai ɗaukar sautin ya yi maganar jirgin, mawaƙin ya ce a bar shi, aka kuwa bar jirgin da maganar duka. A When the Levee Breaks ta 1971, an kai gangunan Bonham zauren wani tsohon gida mai suna Headley Grange, aka rataye abin ɗaukar sauti guda biyu can saman matakala. Amon da duniya ke yabo a wannan waƙa rabinsa na ganga ne, rabinsa na bangon gidan.

Yanzu mu dawo gida, mu sauka a Kafanchan. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da hanyar dogo daga Fatakwal da wadda ta nufi Jos da ta Kaduna suka haɗu a can wajen 1927, aka sami ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya, kowa da irin faifansa. Har yau ƙasar kudancin Kaduna ƙasar masu jita ce, domin da wuya ka shiga babbar majami'a a Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi ka rasa saurayin da ya iya ta. Na sha zama da irin waɗannan samari, na kuma lura kunnensu ya fi na yawancinmu kaifi. In ka sa musu faifan Mdou, ba kalmomin suke bi ba, tun da ba su jin Abzinanci. Ɗaya zai ce a maido masa inda lasifika ta yi kuwwa kafin jita ta shigo, wani ya ce shi inda makaɗin ya ɗan riga sauran da bugu ɗaya yake so. Watau suna neman shaidar cewa mutane ne suka yi kiɗan, a wani wuri, a wata rana.

Hasali ma kunnen mutanenmu tun asali ba ya son sauti fes marar gauraye. Dubi kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma daɗinsa yana cikin wannan 'yar zizar da ke bin kowane kaɗi. Dubi garaya da ake ɗaura wa 'yan ƙarafa don su riƙa kacau-kacau, da gangar da ake ja wa igiya a kan fata don ta yi gurnani. Abin da Bature ke nema in ya murɗa lasifikar jitarsa har sautin ya dusashe ya yi kaushi, kakanninmu sun same shi da ƙarfe da igiya. Haka kuma in ka ɗauko tsofaffin kaset-kaset na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, za ka tarar da guɗar mata da ihun maroƙi da hayaniyar jama'a duk suna ciki, kuma babu wanda ya taɓa cewa sun ɓata waƙar.

A kudancin Kaduna dukiyar ta fi haka yawa. Ranar 1 ga watan Janairu na kowace shekara mutanen Kagoro kan yi bikin Afan, mutanen Ham kuma suna da Tuk-Ham a Kwoi. Wanda ya halarci irin waɗannan bukukuwa ya san busar ƙaho, inda kowane mai busa ke riƙe da nasa amo, sai an haɗa su sa'an nan waƙa ta fito, ga ƙarar akayau a ƙafafun masu rawa, ga dutsen Kagoro yana maido da amsa-kuwwa. Ya kuma san kiɗan Zumuntar Mata, inda tulu ke ba da wannan amo mai zurfi in an bugi bakinsa, caki da ƙarfe suna biye. Babu tulu biyu masu murya ɗaya, domin kowane da yumɓunsa da hannun da ya gina shi.

Ga inda damuwata take. Tun daga shekarun 1990, da fiyano ya shiga ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da Kaduna, aikin ya yi sauƙi ya kuma yi araha, wannan ba abin musu ba ne. Yaro ɗaya da kwamfuta ɗaya sun isa su fitar da waƙa cikin yini guda, kuma mutane da yawa sun sami abinci ta nan. Amma sai ya zamana ƙungiyar mata ta zo daga ƙauye da tulunanta don ɗaukar waƙa, a ce su ajiye su a waje, akwai ganga a cikin inji. A ɗauki muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya, a goge numfashi, a miƙe duk inda murya ta ɗan karkace. Abin da zai fito ba shi da aibi, sai dai ba za ka iya cewa daga Zangon Kataf ya fito ko daga Sabon Garin Kano ba. In aka ci gaba da haka shekara 30, jikokinmu za su gaji waƙoƙin, amma ba za su san yadda garinsu yake amo ba. Tsofaffin da suka iya busar ƙaho kuwa ba ƙaruwa suke yi ba.

Wani zai ce ai tsabta ci gaba ce, kuma gidan rediyo ba ya karɓar faifai mai hayaniya. Gaskiya ne akwai bambanci tsakanin sautin wuri da sakaci. Ƙarar janareta da ta danne muryar mawaƙi sakaci ne, haka nan waya mai tsartsatsi. Amma Mdou Moctar da jama'arsa sun nuna ana iya ɗaukar faifai da gwaninta, a bar zakara a ciki, duniya kuma ta saya. Mutumin da ya fara da gangar inji a Sakkwato, da ya sami hali sai ya koma ga tafi da fata da ƙurar gida. Wannan abin tunani ne ga masu ganin cewa sai mun goge kamanninmu za a saurare mu a waje.

Saboda haka ina da shawara ga masu ɗakunan ɗaukar sauti na Kafanchan da kewaye, da ma na sauran garuruwanmu. In ƙungiya ta zo da kayan kiɗanta, a bar ta ta shiga da su, a ɗauke su tare a lokaci ɗaya, ko da sau ɗaya ne cikin faifai. In ɗakin ya yi kaɗan, a ɗauki na'ura a bi su majami'arsu ko dandalinsu, tun da kayan aikin yau sun shiga jaka. Gidan rediyon jiha da makarantun ilmi mai zurfi da ke yankin, irin su Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, su tura ɗalibai bukukuwan shekara su ɗauko kiɗan yadda yake, a rubuta rana da wuri da sunan kowane makaɗi, a adana. Aikin ba ya bukatar miliyoyi.

Ku kuma masu karatu, ga ɗan aiki. Ku ɗauko faifan da kuka fi so, na Shata ne ko na zumunta ko na rok, ku sa abin ji a kunne, ku saurari abin da ke bayan mawaƙin. Wanda ya tsinci wani abu ya rubuto mana, ya faɗi sunan waƙar da daidai inda abin yake, za mu buga waɗanda suka fi armashi a wannan fili.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.