Sun Ci Kuɗin Ɗan Daudu, Yau Suna Farautarsa

A shekarar 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta fina-finan da ke nuna daba da daudu. Jama'a suka yi ta sam barka, wai an toshe ƙofar da Turawa ke shigo mana da lalata. Ban yarda ba.

Duk wanda ya tashi a Sabon Birni ko Isa ya san daudu ya girmi kyamara. Kakanninmu sun ci soyayyar kazar 'yan daudu a tasha, sun kira su girkin biki, sun gan su a wasan bori, wanda a Gobir mai sarautar Inna ce ke jan ragamarsa. Malamai sun yi musu wa'azi, wasu sun tuba, wasu sun mutu a kan sana'arsu, an yi musu sutura kamar kowa. Kuma ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba.

Kannywood ta san haka, ta kuma ci moriyarsa. Marigayi Rabilu Musa ya yi Ibro Ɗan Daudu, aka sayi kaset, aka yi dariya har da riƙe ciki. Karairaya da rangwaɗa sun ciyar da furodusoshi. Amma bari a raɗa cewa wani jarumi haka yake a zahiri. Ba kotu, ba shaida, ba a ko kira shi a ji ta bakinsa. Waya kawai za ta daina ƙara, abokan aiki su daina amsa sallamarsa, ya rasa abin kai wa mahaifiyarsa. Idan ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda runguma a bidiyon waƙa, me ake zaton zai samu wanda aka jefa da kalmar luwaɗi? Ga dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ta zama sandar da maƙiyi ke ɗaga wa abokin hamayya. A Amurka ma jarumin fim Rock Hudson ya yi aure a 1955 yayin da jaridun tsegumi ke shinshinar sirrinsa, ya rayu a ɓoye har cutar ƙanjamau ta fallasa shi a 1985.

Masu cewa addini suke karewa su koma Suratul Hujurat, inda aka hana bin diddigin asirin mutane. Malaman fiƙihu sun tsananta sharaɗin shaida ne don kada harshe ya halaka bawan Allah. Wanda ya yanke wa mutum abinci da jita-jita, ƙazafi ya yi, ko da rawaninsa ya kai ina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haɗa daba da daudu a jimla ɗaya. Mu nan mun san mai kisa. A Disambar 2021 an ƙone matafiya da ransu cikin mota a yankin Sabon Birni. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga bayan ya roƙi a cece shi. Wane mai suyar kaza ne ya kori ƙauyukanmu zuwa Maraɗi?

Ya kamata MOPPAN ta rubuta ƙa'ida a fili: kada a dakatar da kowane ɗan wasa kan zargin da ya shafi ɗakin kwanansa, kuma duk wanda ya yaɗa irin wannan zargi ba hujja, shi za a hukunta.