Tundurmi: abin da ƙwayar magani ba za ta gyara ba

Wanda ya saba shiga kasuwannin Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi, da wuya bai taɓa ganin mai ƙafar da ta kumbura kamar turmi ba. Sau da yawa akan ce sammu ne. Alhali galibi sauro ne ya kai masa wata tsutsa siririya kamar zare, ta zauna cikin hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki, ta lalata su. Ruwa ya rasa mafita, ƙafa ta kumbura. Ga maza kuma har gwaiwa takan biyo baya.

Tun shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta, kuma wa'adin da aka sa yanzu shi ne 2030. A Nijeriya ana raba ivermectin da albendazole sau ɗaya a shekara. Ƙwayoyin suna kashe ƙananan tsutsotsin da ke cikin jini, su hana yaɗuwa. Amma hanyar da ta riga ta lalace ba ta komawa. Nan ne muka bar masu tundurmi su kaɗai.

Abin da ke ƙara ɓata ƙafar shi ne ƙwayoyin cuta masu shiga ta faso, ko ta cin ruwa tsakanin yatsu. Sai zazzaɓi ya rufe mutum, ƙafar ta yi zafi da raɗaɗi, ya kwanta kwanaki. Duk tashin ciwon yana barin fata ta ƙara kauri, har ta kai ga gyambo da wari. Manomi ya rasa damina, mace ta daina zuwa biki da suna. Tsagar wanzami kuwa sabuwar ƙofa take buɗe wa cutar.

Kariyar ba tsada gare ta ba: wanke ƙafa kullum da sabulu, tsane tsakanin yatsu, ɗaga ta sama in an kwanta, motsa ta, sa takalmi, da garzayawa asibiti da zarar zazzaɓi ya fara. Gwaiwa kuma tiyata na warkar da ita.

To, amma wanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa, yana kwana a ajin makaranta, ina ruwan da zai wanke ƙafa? Don haka nake ganin ya wajaba kowane ƙaramin asibiti a waɗannan ƙananan hukumomi uku ya sami ma'aikacin da ya iya koyar da wannan kulawa, a kuma sa sabulu da takalmi cikin kayan agaji. Kada mu ƙirga ƙwayoyin da aka haɗiya, mu manta da ƙafafun da suka riga suka kumbura.