Masu gina masauki a Birnin Gwari, esi ba ado ba ne

Jama'a, mu gaya wa juna gaskiya. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar Kara a Nuwamban 2024, bayan sulhu da mutanen daji, baƙi sun fara dawowa Birnin Gwari. Fatake daga Kudu, direbobin tirela, ma'aikata irina da ake turowa aiki, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Masu hali sun fara gyaran masaukai, Allah ya sa albarka. Amma yadda ake zaɓen na'urar sanyaya ɗaki, wallahi akwai gyara.

Abin da nake gani a masaukanmu na Arewa ke nan: a fasa bango, a cusa tsohon esi ɗan Beljiyam, a rubuta "ɗaki mai esi", a ninka kuɗi. Dare ya yi, a ce maka janareta ba zai ja ba. Ka biya kuɗin sanyi, ka kwana kana fifita da kwali. Wannan ba kasuwanci ba ne, cin haƙƙi ne.

Esi ba daga shago ake fara zaɓensa ba, daga wutar da za ta ja shi ake farawa. Mai ƙarfin doki ɗaya yana cin kusan kilowat ɗaya. Ɗaki goma, kilowat goma ke nan, ban da firij da famfon ruwa. Kuma irin na da, duk lokacin da kwamfiresa zai tashi, sai ya fizgi wuta ninkin abin da yake ci yana aiki. Shi ya sa janareta ke tari ya mutu. Mai inbata kuwa a hankali yake tashi, ɗaki ya yi sanyi ya rage ci, don haka yana shiri da sola da ƙaramin janareta.

Kada wani ya ce min ai akwai wutar gwamnati. Mun manta Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu? Man fetur kuma, tun cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda ake ciki.

Za a ce na cikin bango ya fi araha. Haka ne, kuma ba shi da dogon bututun da zai riƙa yoyon gas. Amma arha ba ta ado. Kwamfiresan yana nan daf da kan baƙo yana ruri har asuba. Gefen ramin ƙura da sauro ke bi. Ran da ya mutu, sai ka nemo mai girmansa daidai, ko ka sake kiran magini. Uwa uba, a garin da ya ga abin da ya gani, wane mai hankali ne zai bar ƙatuwar kafa a bangon da baƙo ke kwana babu ƙarfen kariya?

Su kuma tsofaffin, akasarinsu gas ɗin R22 suke sha, wanda duniya ke kan hanyar daina amfani da shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Hukumar Kwastam ma ta sa esi na hannu cikin kayan da aka hana shigowa da su. Ka sayi abin da gas ɗinsa ke ƙarewa a kasuwa, wa ka cuta?

Shawarata: in ɗakinka goma, sa esi mai inbata a uku, ka tabbatar suna aiki har safe. Ɗaki ƙafa 12 da 12, doki ɗaya ya ishe shi. Sauran ka yi musu silin mai kyau, taga mai raga, da fanka ta sola, ka faɗi kuɗinsu na gaskiya. A riƙa wanke matatar iska, musamman da hunturu.

Shekaru aka yi mutane na tsoron ko bin hanyar Birnin Gwari. Wanda ya yi ta maza ya zo ya kwana, shi zai kai labarinmu Kaduna da Legas. Kada ya tafi da labarin zufa da yaudara.

Masu gyaran esi da ke nan, in akwai ƙari ku faɗa.